Ta ina za a fara wa ɗaliban injiniyan gine-gine darasin motsin ruwa?

Sabon Lakcara:
Assalamu alaikum malamai da injiniyoyi. Shawara nake nema. Darasin farko na motsin ruwa da ake ba ɗaliban injiniyan gine-gine zango ɗaya ne, kuma in an cire rajista da gwaji da hutun da ke faɗowa tsakiya, da ƙyar a samu mako 12 na koyarwa. Manhaja kuwa ta jero halayen ruwa, matsin ruwa a tsaye, iyo da nutsewa, ƙa'idar Bernoulli, ƙarfin tunkuɗa, daidaita ma'aunai, kwarara a bututu, har da buɗaɗɗiyar magudana in lokaci ya bari. Duka ba za su samu haƙƙinsu ba. Wanne za a zauna a kai, wanne za a bi ta kansa da sauri? Teburin gwaji ɗaya ne ga aji mai yawa, wuta kuma kun san halinta.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da zan nema a wajen ɗalibi a ƙarshen zango guda ɗaya ne: a ba shi zanen tanki da bututu da famfo da bawul, ya ja layin kuzari da layin matsi a kai ba tare da ya taɓa kalkuleta ba. Ya san inda layin zai gangara a hankali, inda zai faɗi farat ɗaya, inda injin famfo zai ɗaga shi, da inda zai shige ƙasan bututu, wato wurin da matsi ya koma tsotso. Wanda ya iya wannan ya fahimci darasin, sauran cikon lissafi ne.

Don haka tun makon farko ka saba musu da auna komai da mitar ruwa. Tsayin wuri mita ne, matsi in an raba shi da ρg (nauyin ruwa a kowace mita kubik) mita ne, v²/2g (v gudun ruwa, g jan ƙasa) ma mita ne. Su haddace cewa mita 10.2 na ruwa shi ne matsin bar ɗaya, wato kilopaskal 100. Ka shigo aji da tiyon lebul na magina, mai garai-garai, tsawon mita biyar zuwa goma. Ɗalibi biyu su riƙe bakin biyu, a lanƙwasa tiyon yadda aka ga dama, ruwan ya tsaya daidai a ɓangarorin biyu. Sai ka sa a toshe baki ɗaya da yatsa a ɗaga shi, ka tambaye su me ya sa yanzu bai daidaita ba. Daga nan ne za ka shiga bambancin matsin da geji ke nunawa da cikakken matsi, wanda rabin aji ke ruɗewa a kansa har ranar jarrabawa.

Injiniyar Ruwan Sha:
Na goyi bayan Baba, amma ina da ƙorafi kan yadda ake koyar da Bernoulli. Ana ba shi mako biyu ko uku babu asarar gogayya, ɗalibi ya yi ta warware tambayoyi har abin ya zauna masa a kai, sai can ƙarshen zango a ce masa ai akwai gogayya. Abin da ya fara shiga shi ke zama.

Ga misalin da nake ganin ya kamata a yi a rana ɗaya da Bernoulli ɗin. Tankin sama, fuskar ruwa mita 6 sama da bakin fita, bututun roba mai faɗin ciki milimita 25, tsawonsa mita 30. In babu gogayya, gudu zai zama tushen 2 × 9.81 × 6, wato mita 10.8 a daƙiƙa, lita 5.3 a daƙiƙa ke nan. Jarka mai lita 20 za ta cika cikin daƙiƙa huɗu. Duk wanda ya taɓa tara ruwa a famfon gida ya san wannan ba ya faruwa. Yanzu a sa lambar gogayya f = 0.02. Tsawo a raba da faɗi ya ba da 1200, fL/D ya zama 24, a ƙara 0.5 na mashiga da 1 na mafita, jimla 25.5. Gudu ya sauko zuwa mita 2.15, kwarara lita ɗaya da 'yan kai, jarka ta ɗauki kusan daƙiƙa 19. Kashi ɗaya cikin biyar na amsar farko, kuma ba mu sa gwiwa ko kan famfo ba tukuna.

Ba sai sun san inda f ya fito a ranar ba. A ce musu zai zo a mako na takwas. Amma su ga girman abin da ake watsarwa.

Dakta Mai Lissafi:
Hajiya, misalin ya yi kyau, zan ma are shi. Sai dai ina jin tsoron inda maganar ta dosa. In muka mai da komai mitar ruwa da jarka, za mu yaye masu haɗa famfo ne masu digiri. Layin kuzari ba ya gaya maka ƙarfin da ruwa ke yi wa gwiwar bututu, wannan sai ƙa'idar tunkuɗa, ita kuma ba ta fahimtuwa sai ɗalibi ya iya zana iyakar yankin da yake nazari, ya lissafa abin da ke shiga da abin da ke fita da kowane ƙarfi da ke kansa, tare da alkiblarsa.

Ɗauki bututu mai faɗin milimita 300, matsi kilopaskal 500, gudu mita 1.5, ga gwiwa mai digiri 90. Faɗin fili 0.0707 murabba'in mita. Matsi sau fili ya ba da kilonyuton 35.3. Tunkuɗar ruwan kanta, ρQv (Q ita ce kwarara), ba ta wuce kilonyuton 0.16 ba. A haɗa ɓangarorin biyu, ƙarfin da ke neman fizge gwiwar ya kai kilonyuton 50, nauyin tan biyar. Shi ya sa ake zuba tubalin kankare a bayan kowace gwiwa a babban layi. Kuskuren ɗalibai kullum iri ɗaya ne: su lissafa ρQv su manta pA, wato matsi sau fili, su samu 0.2, su ce ba a bukatar komai. Sun jefar da kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin. Na biyu, alamar ragi da ƙari a bakin fita. Wannan babi yana bukatar mako ɗaya da rabi cur, kada a taɓa shi.

Tsohon Malami:
Dakta, ba mu saɓa ba a nan. Yankin nazari dole ne. Abin da nake cewa a rage shi ne fito da lissafin Navier da Stokes daga tushe a allo, lakca uku ana rubutu, yara suna kwafa ba su san me suke kwafa ba. A nuna musu shi sau ɗaya, a ce wannan kashi nauyi ne, wannan matsi, wannan danƙo, a wuce. Wanda zai yi digiri na biyu zai same shi a can.

Dakta Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe, na yarda da rage shi, ban yarda da a bar kwararar lumana a bututu ba tare da an fito da ita ba. Rabin awa take ci: a daidaita matsi da gogayya a kan silindar ruwa, a samu f = 64/Re, inda Re ita ce lambar Reynolds mai nuna ko kwarara ta lumana ce ko mai hargitsi. Ita kaɗai ce wurin da ɗalibi zai ga f ya fito daga tunani, ba daga jadawali ba.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Bari in taɓa maganar teburi ɗaya da rashin wuta. Gwaje-gwaje uku ba sa bukatar wuta sam.

Huda a bokiti. A sami bokitin fenti mai lita 20, a huda gefensa kusa da ƙasa da bakin dirila milimita 5, a kankare gefen ramin ya zama mai kaifi. A manna rula a ciki, sifirinta a tsakiyar ramin. Ɗalibi ɗaya yana zuba ruwa don tsayin ya tsaya a santimita 25, wani yana tara abin da ke fita a mazubi mai awo, na uku yana riƙe agogon waya. Lissafi ya ce mililita 43 a daƙiƙa, za su samu wajen 27, Cd, wato abin da aka samu a raba da na lissafi, ya faɗo kusa da 0.62. Abin da ke ɓata shi: huda da ƙusa mai zafi, don bakin ramin yana zama mai santsi kamar ɗan mazurari, Cd ya haura. Sai kuma ɗaukar faɗin rami daga abin da aka rubuta a jikin bakin dirila. In ramin ya fito 5.3 maimakon 5, fili ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari. A auna da kalifa.

Gwajin Reynolds kuwa, wanda ya yi a Manchester a 1883, tanki ne da bututun gilashi ko roba mai garai-garai milimita 10, tsawon mita ɗaya, da sirinji mai allura, da bula ta wanki da aka tace. Bawul a ƙarshen bututu ake sa shi, ba a farko ba. A bar ruwan tankin ya kwanta aƙalla minti 15 kafin a buɗe, kuma kada kowa ya jingina da teburin. Mutane ba sa lura da ƙanƙantar kwararar da ake bukata: a wannan bututun, Re na 2000 lita ɗaya ce cikin daƙiƙa 80. Mafi yawa suna buɗe bawul da yawa tun farko, zaren bular ya watse nan take, su ce na'urar ta lalace. In bular ta yi kauri kuma, nutsewa take yi ta kwanta a ƙasan bututun, a sirka ta.

Na uku shi ne bututun Hajiya da kansa. A ɗora durom a kan bene, a shimfiɗa bututu mita 30, a sa mahaɗa mai baki uku duk bayan mita 10, a ɗaura siririn tiyo a tsaye a jikin sanda. Da an buɗe ruwa, layin matsin da Baba ke magana ya fito ido na gani, yana gangarawa daga sanda zuwa sanda. Da an rufe, ya miƙe. Kafin a ɗauki awo a fitar da kumfar iska daga kowane tiyo, don kumfa mai tsawon santimita 3 kuskuren santimita 3 ce.

Teburin wuta a ajiye shi don benturi da madatsa mai bakin V, na'urorin auna kwarara, a haɗa rukuni-rukuni ranar da aka kunna janareta.

Injiniyan Noman Rani:
Tunda an ambaci bakin V, a ja musu kunne kan awon tsayi. Mai digiri 90, Q kusan 1.38 sau H, wato tsayin ruwa sama da tsinin V, a ɗaga zuwa 2.5. Santimita 10 ya ba da lita 4.4 a daƙiƙa. Saboda wannan 2.5 ɗin, kuskuren milimita 2 a santimita 10 yana zama kashi 5 cikin ɗari a kwarara. Kuma ba a bakin ake auna H ba, don ruwa ya riga ya fara sunkuyawa a nan. A koma baya kamar ninki huɗu na H. Sifirin ma'auni a tsinin V ake saita shi da ruwa a tsaye, kafin a kunna famfo.

Sannan kada a tsallake maganar tsotso. Iska a bakin teku tana iya ɗaga ruwa mita 10.3 ne kawai. A Kano, da take kusan mita 480 sama da teku, abin ya sauko wajen 9.8, a Jos kusa da 9. A cire matsin tururi, wanda a digiri 30 ya kai mita 0.43, a cire asarar tiyo da matatar bakinsa da abin da injin kansa yake bukata, sai a ga a aikace mita 6 zuwa 7 ne iyaka. Shi ya sa manoman fadama, in ruwan rijiya ya ja baya a watan Maris da Afrilu, suke haƙa rami su sauke injin ciki, kuma shi ya sa burtsatse mai zurfi sai sumo. Ɗalibin da ya zana injin ƙasa yana tsotso daga mita 15 bai fahimci cikakken matsi ba, ko da ya ci darasin da A.

Sabon Lakcara:
Allah ya saka da alheri. Tambaya kan f: ɗalibai suna kawo amsoshi biyu a tambaya ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya sau huɗu.

Dakta Mai Lissafi:
Littattafai ne suka kasu biyu. Wasu, galibi tsofaffin na Ingila, suna rubuta 4fL/D, f ɗinsu na Fanning ne. Na Amurka suna rubuta fL/D, na Darcy, wanda ya ninka wancan sau huɗu. Ɗalibi ya ɗauki dabara daga wannan littafi, ya karanta jadawali daga wancan. Maganinsa, ya dubi layin kwararar lumana a jadawalin: in an rubuta 64/Re na Darcy ne, in 16/Re na Fanning ne. Ka zaɓi ɗaya ranar farko ka rubuta a saman kowace takardar tambaya. Ni na Darcy nake ba da shawara, don shi ke kan jadawalin Moody na 1944.

Ka kuma kula da danƙon ruwa. Littafi yana ba da 1.0 × 10⁻⁶ a digiri 20. Ruwan tankin roba a Sakkwato ko Maiduguri da rana ya fi kusa da digiri 30 ko sama, inda yake 0.8 × 10⁻⁶. Bambancin kashi 25 cikin ɗari ne a Re. A kwarara mai hargitsi f ba ya motsawa sosai, amma a gwajin Reynolds zai sa su ce sun ga hargitsi a wurin da bai kamata ba. A ajiye ma'aunin zafi kusa da kowane gwaji.

Injiniyar Ruwan Sha:
Abin da nake so ya bi su har wurin aiki daga babin bututu shi ne faɗi a ɗaga zuwa biyar. In kwarara ɗaya ce, asara tana tafiya da 1/D⁵. Ɗan kwangila ya sauya milimita 25 da 20 don ya rage kuɗi, asara ta ninka sau uku. Ya rage faɗi da rabi, sau 32. Kuma faɗin ciki ake nufi. Bututun roba da faɗin waje ake sayar da shi, mai kaurin jiki cikinsa ya fi tsukewa. Tsohon galbanaiz da tsatsa ta ci kuwa, ga faɗi ya ragu ga kaushi ya ƙaru.

Injiniyan Gini:
Ku yi haƙuri in ja ku baya. Yawancin yaran nan gini da hanya za su yi, ba ruwan sha ba, kuma ruwan da zai ba su wahala wanda ke tsaye ne. Kada a yi wa wannan babi sauri don ana ganin sauƙinsa.

Bango mai riƙe ruwa mita 3, ƙarfi a kowace mita ta faɗi rabin 9.81 × 3², kilonyuton 44, kuma a kashi ɗaya cikin uku na tsayi daga ƙasa yake aiki, ba a tsakiya ba. A ninka zurfi zuwa 6, ƙarfi ya zama 177, ƙarfin kifarwa ya ninka sau takwas. Katangar gida da ruwan sama ya taru a bayanta babu ramin tsiyaya, wannan lissafin ne ke kayar da ita.

Sai turin ƙasa. Tankin ƙarƙashin ƙasa mai mita 4 da 3, an gama shi da rani, babu ruwa a ciki. Damina ta zo, ruwan ƙasa ya hau mita 2 sama da gindinsa. Turin sama 9.81 × 2 × 12, kilonyuton 235, kusan tan 24. In nauyin kankaren da ƙasar da ke kansa bai kai haka ba, tankin zai ɗago ya tsinke bututunsa, ko daɓen ya tsage. Tambaya ce ta minti goma, amma littattafai sun fi son jirgin ruwa da ƙanƙara mai iyo.

Injiniyan Noman Rani:
Injiniya ya yi gaskiya. In ƙara da kwata. Ko manhaja ta ajiye buɗaɗɗiyar magudana sai aji na gaba, a ba dabarar Manning ta lissafin kwarara a magudana lakca ɗaya. Kwatar kankare mai faɗin mita 0.6, ruwa 0.4, gangara ɗaya cikin 200, lambar kaushi n = 0.015: gudu mita 1.45, kwarara kusan lita 350 a daƙiƙa. Yashi da leda sun cike rabin zurfin, saura 0.2. Ɗalibi zai ce rabi ya rage. A lissafa: lita 138, kashi 40 cikin ɗari, kuma ba mu ƙara n ba saboda kaushin yashin. Waɗanda ke Kano ko Zariya, a kai su magudanan Kadawa da ke shan ruwan Tiga, su auna faɗi da zurfi, su jefa kara su auna gudun fuska a tsawon mita 20, su ninka da 0.8 zuwa 0.85, su gwada da Manning.

Matashin Injiniya:
Ranku ya daɗe, a yi min afuwa. EPANET, manhajar kwamfuta mai lissafin ruwa a layukan bututu, kyauta ce. Me ya sa har yanzu ake sa ɗalibai zagayen Hardy Cross da hannu, hanyar 1936?

Tsohon Malami:
Ɗana, a darasin farko ba na son ko ɗaya daga cikinsu. Bututu ɗaya, bututu a jere, bututu a gefe da gefe, tankuna uku in lokaci ya bari. Manhajar kwamfuta tana karɓar duk abin da aka zuba mata. A zaɓi Hazen-Williams a sa kaushi 0.0015 a gurbin da take jiran 140, ko a bar ma'aunin Amurka a shigar da milimita a matsayin inci, za ta fitar da amsa da launi mai kyau. Wanda bai iya ƙiyasin amsar a takarda ba, ba zai gane shirme ba ne.

Dakta Mai Lissafi:
A nan zan ɗan sassauta. Excel dai a bari. Su rubuta Colebrook ta 1939, su maimaita sau huɗu daga f = 0.02, su ga ta tsaya, su gwada da Swamee da Jain ta 1976 wadda ba ta bukatar maimaici. Ya fi murza ido a kan jadawalin da aka yi wa fotokofi sau goma har layukan suka haɗe.

Sabon Lakcara:
To ga yadda na tsara. Mako ɗaya halaye da ma'aunai. Biyu da rabi ruwa a tsaye, har da bango da tankin Injiniya. Biyu na ci gaban kwarara da Bernoulli, da asara a ciki tun ranar farko. Ɗaya da rabi na tunkuɗa. Ɗaya na daidaita ma'aunai, Reynolds da Froude kawai. Uku na bututu da famfo. Na ƙarshe Manning. A jarrabawa, tambaya ɗaya zanen layin kuzari ce babu lamba ko ɗaya.

Injiniyar Ruwan Sha:
Ya yi, Malam. A makin kuma ka ware kaso na duba hankali: duk amsar gudu a bututun ruwan sha da ta fita daga mita 0.5 zuwa 3 a daƙiƙa, ɗalibi ya rubuta layi ɗaya yana faɗin dalili, in ba haka ba ya rasa makin ko da matakansa daidai ne. Mai mantawa ya mai da milimita mita, a nan zai kama kansa.

Sai minti 20 da nake roƙo daga makonnin bututu, don bugun ruwa, wato hauhawar matsi in an tsai da ruwa farat ɗaya. Ƙarin tsayi shi ne c, wato gudun da bugun ke tafiya da shi a bututu, sau canjin gudu a raba da g. A bututun ƙarfe c wajen mita 1200 ne a daƙiƙa, don haka tsai da gudun mita 1.5 farat ɗaya yana ƙara mita 183 a kan matsin da ke nan. A roba c kusan 400, ƙarin mita 61, amma ita robar da aka rubuta wa PN10, wato matsin bar 10, iyakarta mita 102 ce gaba ɗaya. Rufewa ana kiranta farat ɗaya in ta gaza 2L/c, daƙiƙa ɗaya ke nan a layin ƙarfe mai mita 600.

Injiniyan Noman Rani:
Kuma ki gaya musu ba bawul kaɗai ke jawo shi ba, Hajiya. Ɗaukewar wuta tana tsai da famfo nan take, matsi ya fara faɗuwa a bakin injin, sannan ruwan ya dawo ya buga bawul mai hana komawa. A layin da ke hawa tudu zuwa tanki, wannan ya fi faruwa sau da yawa, don haka misalin da za a ba su a aji ya zama na famfo ne da aka ɗauke wa wuta.